Tantin Dokta

Ni ne Barau, mai facin tamfol a bakin Kasuwar Wunti,
shekara ashirin da biyu ina bin yagar wasu da zare.
Rumfar biki, murfin tirela, laimar mai tsire,
duk wanda iska ta ci wa zarafi
wurina yake zuwa jinya.

Ran Laraba direban Dokta Gidado ya sauke wata jaka,
ba ta kai tulun ruwa nauyi ba.
Ya ce, "Baba, wanke hannu tukuna.
Tanti ne, miliyan uku da ɗoriya,
an yi shi don ƙasar da numfashi ke daskarewa a gemu,
inda iska ke ɗaukar ƙato da takalmansa."
Na ce, "To wace guguwa ta yi masa wannan aika-aika?"
Ya sosa ƙeya. "Gwaggon biri ne, a Yankari.
Burodi ya hango a ciki."

Na yi dariya har allura ta faɗo daga bakina.

Da na shafa shi, dariyar ta koma ciki.
Ƙyallen bai fi ɓawon albasa kauri ba,
launin ruwan goro,
sandunan suna rusunawa kamar gora, ba sa karyewa.
Wanda ya yi ɗinkin nan, ko a ina yake,
bai taɓa aiki mai bin bashi na tsaye a kansa ba.

Kekena ya ƙi shi. Na koma hannu,
ƙaramar allura, zaren lilon, gam a bakin kowace huda,
tun azahar har masu shayi suka kunna fitila.

Faci ba ya rantsuwa, ruwa ne shaidarsa.
Na ɗaure shi a bayan babur, sai Ƙofar Dumi,
hadari ya riga ya haɗe rai a kan Warinje.

A gidanmu in an yi cida, kwanuka ake fara nema.
Lantana ta san mazaunin kowane ɗigo:
langa a kan gado, tasa a bakin ƙofa,
bokiti kusa da buhun masara.

Na kafa shi tsakanin turmi da rijiya.
Delu, Mato da auta Indo suka shige kamar 'yan tsaki.
Na ce, minti biyar, ku fito.
Sai sama ta ɓalle.

Ruwa ya dinga dukansa kamar ya ci masa bashi.
Iska ta yaye kwano guda daga rufin maƙwabci,
ta karya reshen darbejiya,
ta zo kan tanti, ta dafa, ta sake dafawa, ta wuce.
Na kunna tocila na bi facina, taƙi ɗaya da rabi,
a bushe kamar maƙogwaron mai azumi.

Lantana ta leƙo da zane a ka, da faɗa a baki,
sai ta zauna, ta kasa kunne.
Can ta ce, "Ashe haka ruwa yake da daɗin ji
in ba a kanka yake sauka ba."
Daren nan ba wanda ya tashi zubar da bokiti.
Indo ta yi barci da kan zif a hannunta.

Da asuba na shanya shi,
na goge sawun Mato da jiƙaƙƙen tsumma.
Direba ya duba, ya ja, ya ce nawa?
Na ce dubu huɗu. Ya ce uku. Na karɓa,
ban faɗa masa kuɗin haya ya cire ba.

An ce Dokta ya haye da shi can.
Zarena na kan wani dutsen da ban iya faɗin sunansa ba,
yana riƙe da iska.
Nan kuwa, duk ran da gabas ta yi baƙi,
Indo kan tsaya tsakanin turmi da rijiya
ta ce, "Baba, yaushe birin zai sake jin yunwa?"